Yalwa da Yawa

A wani daji da ke tsakanin dutse da fadama, sankirar majalisa ta ƙi yin shela. Gauraka ce mai suna Yalwa, don an ƙyanƙyashe ta a shekarun da damina ta yi ta kyau a jere, kowace uwa ta haihu ta kuma haihuwa, ana ta guɗa. Yanzu 'ya'yan nan sun zama samari, ƙahonsu ya fito, kuma da wuya gari ya waye ba a tsinci gawa a bakin ruwa ba.

Tafkuna uku ne a dajin. Ɗaya na 'yan majalisa da ma'aikatansu, ɗaya na baƙin majalisa, waɗanda ba su cika zuwa ba. Na ukun kuwa na kowa da kowa ne.

A zaman ranar, Kunkuru masani ya miƙo wuya ya ce, "Na yi nazari. Duk lokacin da samari suka yi yawa, jini yakan yi yawa. Haka aka gani a zamanin kakanni, haka ake gani yau. Ruwa ba ya tsami banza. Maganin yawa kuwa ragi."

Shugaba, wani tsohon Gwanki mai karyayyen ƙaho, ya gyaɗa kai. "'Yar nan, tashi ki sanar. Samari sun yi yawa. Duk wanda ƙahonsa ya wuce kunnensa, yau ya sha ruwa, gobe ya sha haƙuri."

"Ranka ya daɗe, ba zan faɗa ba."

Wani dattijo ya dakata da tuƙa.

Ta ce, "Lissafin Malam Kunkuru daidai ne, ba na musu. Sai dai da aka haife mu yalwa kuka kira mu, yau kun cire harafi ɗaya mun koma yawa. Ba mu muka haifi kanmu ba. Kun ga muna girma shekara da shekaru, ba wanda ya ce a yashe tafki, ba wanda ya ce a buɗe na baƙi. Gawar nan kuma a ina ake tsintarta? Ko sau ɗaya an tsince ta a makiyaya? In aka hana mai ƙishi yau, gobe da ƙishin kwana biyu zai zo. Kuma Baba, ƙahon nan naka, na ji tsofaffi na cewa ba a wurin gaisuwa ya karye ba."

Gwanki ya yi murmushi. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu da muka yi faɗa, don ruwa muka yi."

"Su ma ba don iska suke yi ba, ranka ya daɗe."

Majalisa ba ta yi fushi ba, majalisa ba ta fushi. Ta dai gode mata, ta naɗa Aku sankira, tun da shi ba a taɓa jin ya rage ko ya ƙara ba. Yalwa kuwa, da yake ta bar aiki, sai ta koma shan ruwa inda kowa ke sha.

Dokar ta fara aiki, gawa ta ƙaru, aka ce ai alamar samari sun fi yadda ake zato yawa. Ana cikin haka, wata rana a turereniyar bakin tafki kofaton wani ɗan gwanki ya bi ta kan ƙafar Yalwa. Bai ma san ya taka ta ba. Aka aiko mata cewa in ta janye maganarta, gurbinta na nan. Ta ce a gaida majalisa.

Shekaru suka shuɗe. 'Yan yalwa, waɗanda suka rage, suka tsufa, gwiwa ta yi sanyi, na bayansu kuma ba su kai su yawa ba. Kisa ya ragu. Majalisa ta yi biki a bakin tafkin baƙi, Aku ya yi shelar nasarar doka.

Yalwa ta rasa aikinta, ta rasa ruwa mai sanyi, ta rasa ƙafa ɗaya. Har yau tana tsaye a bakin tafki na uku a kan wadda ta rage. Da wani baƙo ya tambaya, majalisa ta ce ai dama haka gauraki ke tsayuwa.