Agogon Bayan Malam Dauda

Ba zan taɓa mantawa da agogon nan ba. Shi na fara gani ranar da na shiga ajin koyon haɗa wasan kwamfuta, a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki a Dutse Uku. Muna zaune biyu-biyu gaban kwamfuta, Malam Dauda kuwa yana koyar da mu daga gidansa ta intanet, fuskarsa cike da talabijin. A bangon bayansa akwai agogo, kuma har aka tashi hannunsa bai motsa ba.

Da ma da sharaɗi Baba ya bar ni. "Duk abin da aka ce ta intanet ne, a sa ido," in ji shi. "Kika ga alamar damfara, kin daina zuwa." Ni kuwa ina son ajin kamar me. Sai na sa ido, har ya yi yawa.

Rigar sanyin Malam ɗaya ce kullum, ruwan toka. Kofin shayinsa ba ya canza wuri. Wani lokaci sai ya ƙame baki buɗe, can ya dawo ya ce, "To, mu ci gaba," da murya iri ɗaya. Na yanke hukunci: tsohon bidiyo ake kunna mana.

"Ke, intanet ɗin ne ke yankewa," in ji Nanret, abokiyar zamana. "Ba jiya ya amsa wa Bulus tambaya ba?"

"Bulus ƙanen mai ɗakin nan ne," na raɗa mata. "Da shi aka haɗa baki."

(Na sani, da na ɗaga hannu na yi tambaya da an wuce wurin. Amma ni ko sunana aka kira a makaranta, sai an sake kira.)

A makon aka koya mana dokar "idan". Idan ɗan wasa ya taɓa wuta, ya mutu. In ba haka ba, ya wuce. Aka ce kowa ya haɗa nasa ya tura. Na yi akuya mai tsallake duwatsu. A ƙarshen hanya na zana wani mutum mai rigar sanyi ruwan toka, na sa idan akuyar ta taɓa shi ta ce: "Idan kai mutum ne ba bidiyo ba, sauke agogon nan." A lissafina bidiyo ba zai gani ba, shi ke nan na kama su.

Ranar Asabar Malam ya ce zai nuna wasan da ya fi burge shi. Sai ga akuyata a talabijin. Ya tsallake duwatsun tsaf, ya taɓa mutumin, ya karanta saƙon da ƙarfi. Sai ya miƙe (ashe silifas ne a ƙafarsa), ya ciro agogon, ya hure ƙura, ya juyo mana bayansa. Babu ko batir.

"Oga, 'yar sanda ta kama ka!" in ji Bulus. Aka fashe da dariya.

"Wace ce mai akuyar nan?" Malam ya tambaya.

Na sunkuya har goshina ya taɓa tebur. Nanret ta kama hannuna ta ɗaga sama.

"Wasanki ya yi kyau," ya ce, yana danne dariya. "Amma kin rubuta 'idan', ba ki rubuta 'in ba haka ba' ba. Yanzu ga ni mutum. Me akuyar za ta ce?"

Nan na gane cewa duk zargin da na tsara, ban tanadi inda zan ɓuya ba in ya zama ni ce ban da gaskiya. Kowa ya juyo yana jira. Na buɗe baki a gaban kowa a karon farko tun da na shiga ajin.

"Malam, don Allah ka sa masa batir. Babana ya ce zai zo ya gani da idonsa."