Kwale-kwalen da Na Killace

Ina so a shaida cewa ban yi ganganci ba, tsari na bi.

Lokacin ina malamin hakimi a Ƙaraye, zamanin En'e, na sayi kwale-kwale don ƙetare kogin Calawa da damina. Da rani ya shigo, Sarkin Ruwa ya ce mini, "Malam, a nutsar da shi a gurbi. Itace ba ya son ƙishirwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban yi karatu har Midil don in binne kayana cikin laka ba." Na sa aka ɗora shi bisa duwatsu a ƙofar gidana, na shafe shi da farin fenti, na rubuta ranar a littafina. Wata biyar yana shan rana, ina shan yabo.

Da kogi ya kawo, na yi wa wani dagaci alkawarin kai shi kasuwa ba tare da ko gefen rigarsa ya jiƙe ba. Ba mu yi nisa da gaɓa ba ruwa ya fara tsartuwa ta tsagar da fenti ya ɓoye. Jirgi ya zauna a ƙasa cikin natsuwa, ruwa iya ƙugu, jama'a cike da gaɓa.

Dagaci ya dube ni ya ce, "Malam, mun iso ne?"

Har gobe ina nan a kan bakana: itacen ne ba shi da nagarta. Amma duk wanda ya tarar ina alwala sai ya ce, "Sannu Sarkin Jirgi, a kula da zurfi."