Ranar da Na Yi Nasara Babu Waya

Wata uku ƙanin matata Alidu yana lakaɗa mini duka a wasan faɗa na talabijin da ya ajiye a shagonsa na aski a Yendi. Ni magidanci, dillalin doya, kullum in koma gida ina huci, har matata ta daina tambayar me ya faru. Sai na tafi Salaga saro doya, na samu wani shagon mai irin wasan na yi sati biyu ina koyo har yatsana ya yi kanta.

Ranar kasuwa na dawo, shagon Alidu cike. Na ce, "Alidu, yau sai ka kira ni Alhaji." Na fizgi abin dannawa, na ga mai jan wando a allo, na ce ni ne. Wallahi ya yi aiki! Ya tashi sama, ya kai ƙafa, ya kayar da abokin karawarsa. Na miƙe ina ihu, ina zagaye shagon. Alidu kuwa yana shan kokonsa, na ɗauka tsoro ne ya kama shi.

Sai ya ɗago bakin wayar abin dannawar daga ƙasa ya ce, "Yaya, ban jona ba tukuna. Injin ne ke wasa da kansa."

Daga baya na iya da gaske, har na ci Alidu sau da dama. Amma har yau ko rediyo na kunna, sai matata ta leƙo ta ce, "Alhaji, ka duba waya?"