Jan-bakin Liman

Shekarar da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula na sayi ordinata, wato kwamfuta, na girke ta a shagona na sari a Gazawa, inda kowa zai gani. Mai sayarwar ya ce bari ya saka mini tsarin da ke ɗaure kowane suna da kayan mai shi. Na ce ni na yi lakol, ɗan boko ne ni, tablo mai layi-layi, layin suna da layin kaya, ya ishe ni.

Ranar kasuwar Gangara na ga sunayen abokan cinikina a hargitse, na danna, suka jeru daga A zuwa Z. Har tafi na yi wa kaina. Ashe sunayen kaɗai suka motsa, layin kaya bai gusa ba. Haka na bi tablon na ɗora wa 'yan kabu-kabu kayan su kai wa masu su.

Da la'asar sai ga Liman da kansa, ya dire kwali gabana. Jan-baki ne fal!

"Alhaji, butocin masallaci na ce. Wannan wa zan shafa wa, ladan?"

Butocin kuwa suna can gidan mai kitso.

Har yau in na shiga sahu, sai wani ya raɗa mini: "Alhaji, akwai ja mai duhu?"