Ranar da Na Suturta Bagirke

Shekarar da surukata Hajiya ta zo unguwarmu Plumstead, can ƙasar Turawa, wankan jegon matata Binta, na ƙudura sai ta san 'yarta ba jahili ta aura ba. Na ɗebe su a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa babban gidan tarihi, ni da aji huɗu na yi a firamare.

A ɓangaren Farisawa na yi bajinta. Ga mutane sassaƙe a dutse, da gemu da dogayen riguna, sun jeru za su kai wa sarki gaisuwa. Na ce, "Hajiya, waɗannan da gani masu tarbiyya ne, Girkawa ne suka ƙone musu fada." Ta gyaɗa kai. Kaina ya ƙara girma.

Muna shan kwana sai ga Bagirke da kansa, sassaƙe a dutse, ƙato, tsirara haihuwar uwarsa. A gaban surukata! Ban tsaya shawara ba, na tuɓe jamfata na ɗaura masa a ƙugu. Ƙararrawa ta ɗauka, masu gadi suka yo kaina, ga ni tsaye daga ni sai singileti da tumbi.

Hajiya ta kau da kai ta ce, "Binta, gaya wa mijinki wancan dai dutse ne. Shi kuma mene ne uzurinsa?"

Tun daga ranar 'yan masallacinmu ke kirana Telan Girkawa. Binta kuwa, Allah ya jiƙanta, ko maɓalli ne ya cire mata sai ta miƙo mini rigar ta ce, "Tela, ko sai na zama dutse?"