Fatalwar Magomeni

Wani bawan Allah ne a Darussalam, ya daɗe yana nacin a saka shi a fim. Rannan sai Allah ya kashe ya ba shi, Darakta Kibwana ya ɗauke shi. Daga wani littafi aka ciro labarin: wata mata ce ke ganin wani mutum yana bin ta, amma duk duniya ba mai ganinsa sai ita. Gogan naka shi ne mutumin. Littafin kuwa, ko bangonsa bai taɓa gani ba.

Shi Kibwana irin daraktocin nan ne masu iyayi. Ya tara ma'aikata ya ce, "Duk wanda ya kalle shi ko ya amsa masa gaisuwa, a bakin aikinsa. So nake abin ya shiga jikinku." Sai ya manta bai gaya wa mai abin ba.

Da safe mutuminka ya iso gidan da ake aikin a Magomeni, ya sha guga. Ya rusuna wa dattijo mai kyamara.

"Baba, ina kwana?"

Dattijo ya ci gaba da goge kyamararsa. Gogan ya bi kowa da gaisuwa, ko tari ba wanda ya yi. Garin da ko ɓarawo ka gaisar sai ya tambaye ka mutanen gida! Zuwena ce kaɗai, jarumar fim ɗin, ta ɗago. Tana ganinsa ta ƙwalla ƙara ta zube.

Da rana Mama Tatu mai abinci ta zo rabon ugali, tuwon masararsu, da wake. Ta ba na damansa, ta ba na hagunsa.

"Mama, ni fa?"

Ta wuce abinta. Sai ya tuna babur ɗin da ya kusa kwashe shi da safe. Ya ce a ransa, "Anya kusa ne kuwa?"

Da yamma ya hau daladala, kwandasta ya tsallake shi bai karɓi kuɗin mota ba. Kwandastan Darussalam fa! Ya isa gida. Matarsa kuwa tun shekaranjiya take gaba da shi.

"Maman Sudi, don girman Allah, kina ganina?"

Ta ja tsaki ta juya wa bango fuska.

Ya ce, "Shi ke nan, ta faru ta ƙare." Ya zauna ya yi wa kansa kuka mai isarsa, har da cewa ashe mutumin kirki ne shi.

Washegari ya ga ai matacce ba ya buƙatar guga. Ya taho wurin aiki daga shi sai zanen wanka. Ana tsakiyar ɗauka, Zuwena na sharɓar hawaye, ya ratsa ta gaban kyamara yana sosa ciki. Ya janyo farantin darakta na dankali da ƙwai ya hau ci. Ya shafa sanƙon Kibwana ya ce, "Kai dai Allah bai rufa maka asiri ba ta sama."

Kibwana ya zabura ya shaƙo wuyansa.

"Yanke! Kai, ɗan iskan ina ne kai? Hauka kake yi?"

Gogan ya saki faranti, ido ya cika da ƙwalla, ya rungume shi.

"Wayyo darakta, kana ganina? Kai kuma me ya kashe ka?"