Teburin Garejin Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da teburin da na ƙera a Fatakwal, gab da Turawa za su miƙa mulki. Yanzu na tsufa, gwiwoyina sun gaji, amma kunyar tana nan da ƙuruciyarta.

Kawuna dillalin shanu ne a unguwar Diyobu. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi tsohuwar babbar mota, ya kafa rumfar kwano a bayan gida ya ce gareji ne, ya ɗauki wani bakanike, Oga Chike, ya riƙa duba masa ita. Ni kuwa na gaji da kora shanu zuwa mayanka cikin ruwan saman da ba ya ɗaukewa. Da na ji bakanike yana neman teburin aiki, na yi wuf na ce ni kafinta ne. (Na taɓa riƙe wa wani kafinta zarto a Zariya, shi ke nan.)

Kawu ya ce, "In ka yi shi da kyau, ka bar bin shanu, ka zauna a gareji ka koyi mota."

Ya sayo katakon iroko mai nauyin tsiya. Oga Chike ya ce in jira ya zo mu auna. Ban jira ba. Ni da na tashi ina ganin maƙera da dukawa, kowa a zaune yake aikinsa, me za a auna mini? Na zauna a ƙasa, na miƙa hannu, inda ya tsaya nan na sa zarto, na datse ƙafafun duka huɗu. Na haɗa, na zuba ƙusoshi kamar ina jin haushinsu. Guntayen kuma na kai wa matar Kawu ta hura wuta.

Ranar da aka tara mutane a yi wa mota addu'a, har da mahauta da sarkin Hausawan unguwa, na yaye buhun da na rufe teburin da shi, ina ta murmushi. Oga Chike, dogo ne kamar falwaya, ya tsaya a gabansa. Teburin ko gwiwarsa bai kai ba. Ya dube shi, ya dube ni, sai ya durƙusa a hankali ya ɗora guduma a kai.

Wani mahauci ya ce, "Alhaji, bakaniken naka gaisuwa yake yi wa tebur?"

Aka kwashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce, "Kai, ina sauran ƙafafun?"

Daga bayan zana matarsa ta amsa, "Ai su suka dafa shinkafar da kuke ci."

Ni dai na ce, "Amma Kawu, yana da ƙarfi." (Wallahi haka na ce.)

Washegari aka miƙo mini sandata, na koma bin shanu, kuma ban sake fita daga cikinsu ba har ƙafafuna suka ƙi. Teburin kuwa ya zama wurin zaman tsofaffi a ƙofar gida. Ya ga bayan motar, ya ga bayan Kawu, ko girgiza bai taɓa yi ba. Duk wanda ya zauna sai an ba shi labarina.

Tun daga ranar, ko hula zan saya wa mutum, sai na ce ya kawo kansa tukuna.